Sharhi Kan Wani Ofishin Lauyoyi a Utako: Aikin Gado da Aka Fara da Sauraro

A Abuja ba a rasa ofishin lauya. Duk wanda ya bi ta Wuse ko Garki ko Utako ya ɗaga kai zai ga alluna a jikin benaye, kowanne da jerin sunaye da lambobin waya, kuma daga waje babu abin da zai nuna wa mutum wanda ya kamata ya shiga. Wannan sharhi a kan ɗaya daga cikin waɗannan ofisoshi ne, wani ƙaramin ofis da ke hawa na biyu na wani gini a Utako, ba nisa da kasuwa, wanda ya kula da sha'anin dukiyar yayana bayan rasuwarsa. Na zaɓi in sakaya sunan ofishin da na ma'aikatansa, domin bayyana su daidai yake da bayyana iyalin da al'amarin ya shafa, kuma akwai marayu a ciki. Abin da nake so mai karatu ya samu shi ne ma'aunin da zai auna duk ofishin da ya shiga, musamman idan abin da ya kai shi gado ne, inda doka da addini da zumunci da baƙin ciki suke haɗuwa a wuri guda.

Marigayin ma'aikacin gwamnatin tarayya ne. Ya rasu ya bar mahaifiyarmu da mata biyu da 'ya'ya maza da mata, ya bar gida a Kubwa da wani fili da ya saya a bayan gari, da asusun banki da kuɗin fansho. Ni ƙaninsa ne, kuma da yake ya bar 'ya'ya maza ba ni da ko sisi a cikin dukiyar, dalilin da ya sa ke nan dangi suka ɗora mini bin takardu. Wani zai ce me ya haɗa rabon gadon Musulmi da lauya, alhali ga malamai, ga kuma ayoyi na 11 da 12 da 176 na Suratun Nisa'i sun fayyace kason magada. Gaskiya ne malami zai faɗa maka abin da kowa zai samu, amma banki ba ya sakin kuɗin mamaci don an kawo masa lissafin malami, kamfanin da ke riƙe da kuɗin fansho ma haka. Kowannensu takardar kotu yake nema, tare da takardar shaidar mutuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Samun takardar izinin kula da dukiyar mamaci kuwa daga sashen gado na Babbar Kotun Birnin Tarayya da ke Maitama yana buƙatar cike takardu, da gabatar da masu tsayawa, da tantance abin da ke cikin asusu, da buga sanarwa a jarida domin mai ƙorafi ya fito, kuma wanda bai taɓa bin wannan hanya ba zai sha wuya a kanta, balle yana cikin jimami.

Ba a Utako muka fara ba. Mun fara shiga wani babban ofis a wata unguwa, mai kujerun alfarma da sanyin na'ura, inda lauyan da ya karɓe mu, da jin cewa mamacin ya bar mata biyu, ya shiga yi mana bayanin yadda ake shigar da ƙara da abin da za ta ci. Bai yi mana rashin mutunci ba, kuma ba na shakkar ya san aikinsa, sai dai bai tambaye mu ko akwai rigima a gidan ba, alhali a lokacin babu ita. Ya yi mana abin da tela yake yi idan ya yanka yadi kafin ya gwada mai kaya. Muka yi godiya muka fito.

Ofishin Utako bai kai wancan kyan gani ba. Ɗakin jira ne ƙarami mai tsabta, da teburin sakatariya, da ɗakuna biyu na ganawa waɗanda ƙofofinsu ke rufuwa sosai ta yadda na waje ba ya jin abin da ake faɗa a ciki, abin da ba kowane ofis ne yake kula da shi ba. Shugabar ofishin mace ce mai matsakaicin shekaru, tana jin Hausa da kyau, kuma da ta'aziyya ta fara. Ta yi wa mamacin addu'a, ta tambayi lafiyar mahaifiyarmu da ta yara, sannan da na fara zaro takardu daga jaka sai ta ce, "Malam, takardun za su jira, ka fara ba ni labarin gidan tukuna." Ta kife wayarta a kan tebur, ta ɗauki biro da littafi, ta bar ni na yi ta bayani ba tare da ta katse ni ba, in ban da gajerun tambayoyi a inda ta ga maganar ba ta fito fili ba. Da na gama sai ta maimaita mini abin da ta fahimta ɗaya bayan ɗaya, ta ce in gyara mata inda ta yi kuskure. Wannan maimaitawa ƙaramin abu ce a ido, amma ita ce take bambanta wanda ya yi shiru yana jiran ka gama da wanda ya saurare ka da gaske, domin wanda bai saurara ba ba shi da abin da zai mayar maka.

Tambayar da ta biyo baya ita ce ta sa na san mun zo inda ya dace. Ta ce, "Su matan fa, wa ya ji ta bakinsu?" Na shaida mata cewa suna cikin takaba, kuma kamar yadda aka saba a gidajenmu maza ne ke wakiltar su a irin wannan lamari. Ba ta soki al'adar ba, ba ta kuma yi mini lacca kan haƙƙin mata ba. Ta ce kawai ba za ta iya shirya takarda a kan dukiyar mutanen da ba ta ji muryarsu ba, kuma tunda mai takaba tana zaman wata huɗu da kwana goma a gidan mijinta, ita za ta je Kubwa ta same su. A wannan zama ne kuma ta fayyace wani abu da yawancin masu zuwa wurin lauya ba sa tunanin tambaya, wato wane ne ainihin wanda take wa aiki. Ta ce magada gaba ɗaya take wa aiki, ba ni da na kawo aikin ba, ba kuma wani ɗaki ban da wani ba. Duk abin da ya shafi dukiyar, ko wa ya faɗa mata shi, dole sauran magada su sani, amma abin da ya shafi sirrin mutum kawai zai tsaya a wurinta, kamar yadda ƙa'idojin aikin lauya suka wajabta mata. Idan kuma aka kai ga saɓanin da sulhu ya gagara, za ta janye, kowane ɓangare ya nemi lauyansa. Ta sake faɗa wa matan wannan magana da bakinta ranar da ta je, kafin kowace ta furta kalma.

Ziyarar Kubwa ita ce zuciyar wannan aiki, kuma a kanta zan daɗe. Ta isa da mayafi irin na shiga gidan makoki, ta gaisa da jama'ar gida, sannan ta roƙi maza su ba ta wuri, ta gana da kowace mace ita kaɗai a ɗakinta. Abin da ya gudana a ciki daga baya na ji shi daga bakin su matan, da izininsu kuma nake ambatonsa.

Amaryar yayana yarinya ce mai tsananin kunya, wadda tun ranar rasuwar ba a ji ta ce komai game da dukiya ba, har wasu dangi suka ɗauka ta amince da duk abin da za a yanke. Lauyar ba ta fara da tambayarta kadara ba. Ta tambaye ta yadda take barci da yadda take cin abinci, da wanda ke taimaka mata da yara, ta kuma haƙura da dogon shirun da ke biyo bayan kowace tambaya ba tare da ta cike shi da surutu ba. A cikin wannan hira ce yarinyar ta faɗi cewa tana da ƙaramin ciki, wanda ita da marigayin kaɗai suka san da shi. Babu yadda za a yi ta buɗe baki ta faɗi wannan a gaban ƙanin mijinta ko baffanninsa, kuma duk Bahaushe ya san dalili. Amma wannan magana da kunya ta danne ita ce ta sauya lissafin gaba ɗaya, domin ɗan da ke ciki magaji ne idan aka haife shi da rai, kuma a mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi ana dakatar da rabo har sai an haihu, a ga namiji ne ko mace, ɗaya ne ko tagwaye. Iddar mai ciki ma da haihuwa take ƙarewa. Da an bi takardu kawai, da an ƙidaya 'ya'yan da ake gani an raba, sai daga baya a dawo ana neman a warware rabon da aka riga aka ci, kuma wanda ya taɓa ganin irin wannan ya san yadda yake wargaza zumunci. Ta kuma faɗi cewa kuɗin adashenta da na wasu 'yan kunnenta na zinariya ta ba marigayin rance lokacin da yake ƙarasa shagon da ke jikin gidan, akwai ma saƙonnin waya da suka yi a kan haka. Wannan bashi ne, kuma bashi ana fitar da shi kafin wasiyya da kafin gado. An ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, amma ba zama mace kaɗai ya fito da waɗannan bayanai ba, har da sanin inda za a zauna, da wanda za a ce ya fita, da tambayar da za a fara da ita.

Al'amarin uwargida ya sha bamban, kuma a nan ne na ga cewa tausayin wannan ofis ba na lallashi da ƙarya ba ne. Ita ta shiga ganawar da magana ɗaya a bakinta, cewa marigayin ya sha faɗa mata gidan Kubwa nata ne da 'ya'yanta, don haka ba ya cikin rabo. Lauyar ta bar ta ta faɗi komai, tun daga zaman haya da suka yi a farkon aurensu, da yadda aka sayi filin lokacin da unguwar take daji, da shekarun da aka yi ana gini kaɗan-kaɗan daga albashi. Ba ta katse ta da cewa wannan ba hujja ba ce. Sai da ta gama, ta share hawaye, sannan lauyar ta ce mata, "Hajiya, na yarda ya faɗa miki haka, kuma ban ga alamar kina ƙara komai a kai ba, amma amana ce a kaina in gaya miki yadda kotu za ta kalli maganar." Ta yi mata bayanin cewa idan kyauta ce, to a Malikiyya kyauta ba ta kammala sai wanda aka yi wa ya karɓe ta ta koma hannunsa tun mai kyautar yana raye, alhali wannan gida marigayin yana zaune a cikinsa da iyalinsa duka har ya rasu, takardunsa kuma da sunansa suke. Idan kuma wasiyya ce, to ba a yi wa magaji wasiyya sai in sauran magada sun amince. Magana ce mai ɗaci, kuma Hajiya ba ta ji daɗinta ba.

Abin da ya burge ni shi ne lauyar ba ta tashi a nan ba. Ta tambaye ta mene ne ya fi damunta idan gidan ya shiga rabo, sai ga shi ashe ba darajar kuɗin gidan ce a ranta ba. Tsoronta shi ne a sayar da shi a ce ta kwashe yara ta koma garinsu, alhali biyu suna tsakiyar karatun sakandare a Kubwa, babban kuma yana jami'a. Abin da ta nema da baki daban, abin da take gudu daban, kuma na biyun yana da magani a cikin shari'a ko da na farkon ba shi da shi. Ofishin ya kawo shawarar a ɗauko ƙwararren mai ƙiyasta kadara ya yi wa gidan da shagon kuɗi a rubuce, sannan idan lokacin rabo ya yi a tattara kason uwargida da na 'ya'yanta a kan gidan, a biya sauran magada haƙƙinsu daga kuɗin banki da na fansho da shagon, abin da ya rage kuma a cika. Babu wanda aka tauye, babu kuma wanda aka kora. Ina ganin wannan mafita tana nan tun farko ga duk lauyan da ya san aikinsa, sai dai ba za ta bayyana ga wanda ya tsaya a kan buƙatar da aka furta bai tona abin da ke ƙarƙashinta ba.

Haka ta bi da batun fansho, wanda shi ma ya so ya tayar da ƙura. Sunan uwargida ne a gurbin da ma'aikaci ke rubuta makusancinsa a takardun wurin aiki, domin an cike su tun kafin auren na biyu, kuma mutane da yawa suna ɗauka wanda aka rubuta a wannan gurbi shi ne mai dukiya. Lauyar ta tara manyan gidan ta bayyana cewa wannan suna na wanda za a tuntuɓa ne, ba ya mayar da mutum magajin komai da komai. A ƙarƙashin Dokar Gyaran Fansho ta 2014, wadda hukumar fansho ta ƙasa, wato PenCom, ke sa ido a kan aiwatar da ita, kuɗin da ke cikin asusun fanshon ma'aikacin da ya rasu, wato abin da aka tara daga kashi 8 cikin 100 da ake cira a albashinsa da kashi 10 cikin 100 da ma'aikatarsa ke zubawa, ana sakin su ne bisa takardar kotu, su shiga cikin dukiyar da za a raba. Ta kuma tunatar da mu wani haƙƙi da babu wanda ya san da shi a cikinmu, wato inshorar rai da dokar ta wajabta wa ma'aikatu su yi wa kowane ma'aikacinsu, wadda ba ta gaza ninki 3 na jimillar albashinsa na shekara ba. Da aka tambaye ta hukuncin wannan kuɗi a addini da yadda ya kamata a raba shi, sai ta ce za ta faɗi abin da doka ta tanada, amma fatawa aikin malamai ce, a je a tambaye su. Na girmama wannan tsayawa a kan iyaka, domin mun sha ganin masu ilimin fanni ɗaya suna amsa tambayar kowane fanni don kada a ce ba su sani ba.

Labarin filin bayan gari bai yi daɗi ba, kuma ba ta yi masa kwaskwarima ba. Takardar da marigayin ya riƙe ta rabon fili ce daga ƙaramar hukuma, tare da yarjejeniyar ciniki tsakaninsa da wanda ya sayar masa. A Birnin Tarayya kuwa, tun daga dokar da ta kafa shi a 1976, ƙasa tana hannun gwamnatin tarayya ne, Ministan Abuja ne ke da ikon ba da fili, ba ƙananan hukumomin nan shida ba. Ofishin ya gudanar da bincike a AGIS, hukumar da ke adana bayanan filayen Abuja, sannan lauyar ta kira ni ta ce gara a ɗauki wannan fili a matsayin kadarar da ba ta tabbata ba, kada a saka shi a kason wani maraya a kan cikakken farashi, domin wanda ya faɗa hannunsa zai iya wayar gari da takarda babu ƙasa. Ta ba da shawarar ya zauna mallakar magada duka har a ga ƙarshen neman daidaita takardunsa. Ta kula har da lokacin da ta faɗi wannan labari, don ba ta aiko shi a saƙon waya ba, sai da ta tabbatar ina wurin da zan iya zama in saurara.

Akwai wani ƙaramin abu da ba zan tsallake ba. Mahaifiyarmu tsohuwa ce, tana gida ba ta zo Abuja ba, kuma ba ta karatun boko. Duk lokacin da aka kai wani mataki, lauyar takan yi mata taƙaitaccen saƙon murya da Hausa, ta fara da "Inna, ina wuni, ya ƙarin haƙuri," sannan ta faɗi inda aka kwana. A amsar ɗaya daga cikin waɗannan saƙonni ne Inna ta ambaci bashin hatsi da marigayin ya ci a wurin wani maƙwabcinta, wanda babu shi a kowace takarda, aka bincika aka tabbatar aka biya. Ita a wurinta sauke wa ɗanta wannan nauyi ya fi mata kasonta muhimmanci.

Ofishin yana da nasa raunin, kuma sharhi ba zai cika ba idan na ɓoye shi. Na farko shi ne kuɗi. Ana biyan kuɗin ganawar farko kafin a zauna, kuɗin aikin kuma ba na mai ƙaramin ƙarfi ba ne, ga na zirga-zirgar Kubwa da na mai ƙiyasta kadara da na kotu daban. Adalci ne a faɗi cewa an rubuta mana komai a yarjejeniya tun farko, an ba mu damar biya kashi-kashi, kowane biya kuma da rasit, sannan ƙa'idar kuɗin aikin lauyoyi da aka fitar a 2023 ta sanya Abuja da Legas a rukunin da ya fi tsada, don haka ba su suka ƙirƙiro tsadar ba. Duk da haka gida mai marayu yana jin nauyinta. Na biyu, sakatariyar da ke karɓar baƙi da amsa waya Turanci kawai take yi, ta yadda idan ɗaya daga cikin matan ta kira ba ta samu shugabar ba, sai ta kashe wayar ba ta isar da saƙonta ba. Ofishin da yawancin masu zuwa masa da batun gado Hausawa ne ya kamata ya gyara wannan. Takardun da aka sa wa hannu ma duk da Turanci suke, an dai karanta an fassara da baki, amma da an haɗa da taƙaitaccen bayani a rubuce da Hausa da ya fi, domin a riƙa komawa gare shi. Ginin kuma matakala kawai gare shi, tsoho ko mara lafiya zai wahala kafin ya kai hawa na biyu.

Raunin da ya fi damuna shi ne na uku, domin ya taɓa ainihin abin da nake yabon ofishin a kansa. Akwai lokacin da shugabar ta yi tafiya, aka miƙa fayil ɗinmu ga wani matashin lauya. Yaro ne mai ladabi da ƙwazo, amma a bayyane yake bai karanta bayanan da ta rubuta ba, don ya kira amaryar ya sake yi mata tambayoyin da ta riga ta amsa da ƙyar, har da na cikin, kuma a waya, daga bakin namiji. Ta yini ranar ba ta ce wa kowa komai ba. Da shugabar ta dawo ta ji, ta kira ta da kanta ta ba ta haƙuri, ba ta nemi uzuri ba. Amma lamarin ya nuna cewa kyakkyawan sauraron da ake samu a wannan ofis ɗabi'ar mutum ɗaya ce, bai zama tsarin da kowane ma'aikaci yake bi ba. Tilasta wa mai baƙin ciki ya maimaita labarinsa ga kowace sabuwar fuska cutarwa ce, kuma maganinta ba shi da tsada, wato a karanta fayil kafin a ɗaga waya, a kuma rubuta a bangonsa abubuwan da ba a tambaya sai ta bakin wance. A wannan tsakanin ma amsa kira ya yi jinkiri, sai mutum ya bi sawu kafin a waiwaye shi.

Bayan amaryar ta sauka lafiya aka yi rabo a gaban alƙalin kotun yanki, bisa lissafin da malamai suka tabbatar. An fitar da basussuka tukuna, har da rancen amarya, sannan aka kasa abin da ya rage gida 24, matan biyu suka raba 3 a tsakaninsu wanda shi ne tumunin takaba, Inna ta ɗauki 4 wanda shi ne sudusi, sauran 17 kuma na 'ya'ya, namiji yana ɗaukar rabon mata biyu, har da jaririn da aka jira. Masu kula da dukiyar da kotu ta amince da su mutum biyu ne, ɗaya daga ɓangaren kowane ɗaki, kuma wannan ma shawarar ofishin ce, don kada wani ɓangare ya ji ana juya kuɗi a bayan idonsa. Tun a farko lauyar ta shaida mana cewa idan saɓani ya taso akwai sashen sulhu na Babbar Kotun Birnin Tarayya da za a iya fara zuwa kafin a shiga shari'a, amma ba a kai ga buƙatarsa ba.

Ina ba da shawarar wannan ofis, da duk mai irin salonsa, ga iyalin da ke da gado mai sarƙaƙiya, wato inda akwai ɗaki fiye da ɗaya, ko ƙananan yara, ko kadarar da takardunta ba su cika ba, da sharaɗin su nemi a rubuta musu a yarjejeniya wane lauya ne zai riƙe fayil ɗinsu da wanda zai gaje shi idan ba ya nan. Wanda dukiyar da aka bar masa asusun banki ɗaya ce kuma magada sun daidaita, ba lallai ne ya kashe wannan kuɗi ba, wanda kuma ba shi da hali yana iya tuntuɓar Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1976 domin marasa ƙarfi, ya ji ko lamarinsa yana cikin waɗanda take ɗauka. Mai zuwa ganawar farko ya tafi da takardar shaidar mutuwa, da takardun gida da na fili na asali, da lambar asusun fansho da sunan kamfanin da ke riƙe da shi, da takardun albashi na ƙarshe, da cikakken jerin magada har da iyayen mamaci idan suna raye, ya kuma nemi a tsara yadda lauya zai gana da kowace mai takaba ita kaɗai kafin a rubuta ko layi ɗaya na takardar kotu.